Wutsiyar Rigar Odell Rentz

A duk ƙauyukan da ke bakin kogin Edisto babu wanda bai san bakin Odell Rentz ba. Gajere ne mai tumbi, sana'arsa gyaran injin yankan ciyawa, kuma in ka kai masa inji da safe, to ka shirya jin labarin farauta har rana ta take. Abin da ya fi tinƙaho da shi guda ne: shekara da shekaru yana cikin ƙungiyar mafarautan garinmu, amma ba a taɓa yanke masa wutsiyar riga ba.

Haka muka gada a sansanin nan. Ranar Asabar a saki karnuka cikin fadama su koro barewa, kowane maharbi yana tsaye inda aka ajiye shi. Wanda ya harba ya kuskure, da yamma a zaunar masa da kotu, a datse ƙasan rigarsa ta baya, a buga a bango da ƙusa. Bangon ya cika fal da tsummoki kala-kala, babu na Odell ko ɗaya. Ba ƙarya yake yi ba. Abin da ba ya faɗa shi ne bai taɓa harbi ba. Da an ajiye shi zai nemi gindin bishiya ya jingine tsohuwar bindigar babansa, ya cinye burodi da naman da aka naɗe masa, ya ja hula ya rufe fuska. Bareyi sun sha wucewa ta gabansa suna sauraron minshari.

Ana nan sai Mista Lamar, tsohon da ke riƙe da sarautar farautar, ya ce gwiwoyinsa sun gaji. Ya ɗaga ƙahon da ake busa wa karnuka, wanda ya yi baƙi don tsufa, ya ce Asabar mai zuwa zai rataya shi a wuyan wanda ya kayar da namijin barewa cikin masu neman kujerar. Masu neman kuwa biyu ne: Odell, da ƙanin matarsa Purvis, wanda ke bin karnuka cikin laka tun yana saurayi.

Odell yana son ƙahon nan kamar ransa. Ya daɗe yana shiga bayan shago yana gwada busa da guntun tiyo, har karnukan maƙwabta suka daina kula shi.

"Mista Lamar, ka fara goge shi tun yanzu," in ji Odell. "Ba na son ƙura a wuyana."

Purvis ya ce, "Yaya Odell, da wace bindigar? Waccan da zanzaro ya yi gini a cikinta?"

"Kai da rigunanka suka ƙare a bango har kana da bakin magana? Rabin tsummokin can naka ne."

"Ni dai na san ƙarar tawa. Taka ko tari ba mu taɓa jin ta yi ba."

Da Odell ya koma gida ya leƙa bakin tsohuwar bindigar a ɓoye, sai ga ginin zanzaro kuwa, har hawa biyu. Ya samu matarsa Earline tana tsinke ganyen kabeji, ya ce mata zai sayi sabuwa. Earline mace ce mai tsoron Allah, ita ke koyar da yara a coci ranar Lahadi, kuma tun da aka fasa rumbun yayarta take cewa a ajiye abin tsare gida.

Ta ce, "Bindiga ɗaya za ta shigo gidan nan, Odell Rentz, ba biyu ba. Ka zaɓa, ko ta gida ko ta daji."

"Earline, ƙananan mutane ne ke zaɓa. Zan kawo miki wadda da rana maharbiya ce, in an dawo gida maigadi ce."

"Kuma ban yarda a kashe ɗan kowa a barandata ba. A kore shi kawai."

"An gama."

Washegari ya tuƙa a-kori-kurarsa zuwa kantin Dewey, inda ake sayar da ƙusa da abincin kaji da bindigogi duk a rufi ɗaya. Dewey ya sauko masa da wata doguwa, irin wadda ake ja wa hannu baya a tura gaba ta ɗauki harsashi, ya ce wannan ta ishe shi komai. Odell ya kalle ta ya taɓe baki.

"Wannan ai ta kowa da kowa ce. Ina wadda ake sauya wa bututu?"

Dewey ya fito da ita: dogon bututu na daji, gajere na cikin gida. Odell ya ce a ɗaura mata tocila a ƙasa. Aka ɗaura. Ya ce a sa maratayi. Aka sa. Ya ce a liƙa mata ma'ajiyar harsashi a gefe, da wata a gindi, da ɗan madubin hange a sama.

Dewey ya ce, "Odell, ka bar mata wurin da za ka riƙe mana."

"Kai dai ɗaura. Akwai wurin rataya kofi?"

Da ya saɓa ta zai fita, kafaɗarsa ta karkace gefe ɗaya, tocilar ta kunna kanta ta haske idon wata tsohuwa da ta zo sayen irin wake. Tsohuwar ta ce Allah ya shirye shi.

Saura maganar kada a kashe ɗan kowa. Odell ya tuna dabarar kakansa ta korar ɓarayin kankana. Ya buɗe bakin harsashi ɗaya, ya zazzage ƙwayoyin dalmar, ya ɗura manyan ƙwayoyin gishiri, ya danne bakin da babban yatsa. Ya jera su cikin bindigar: na gishiri a gaba, masu kisa a baya. Sai dai duk jajaye ne, kamanninsu ɗaya.

"Gishirin ma ba za a kai gare shi ba," ya ce wa Earline. "Saurari nan." Ya ja hannun bindigar baya ya tura gaba: ƙaras-ƙaras. "Duk ɓarawon da ya ji wannan, ƙafarsa ce za ta yi masa shawara. In ka haɗa da tsawa, shi ke nan."

Daga ranar aka shiga atisaye. Ganye ya motsa a tsakar gida, Odell ya diro baranda: ƙaras-ƙaras, "Wane ne a nan? Na kira 'yan sanda." Kyanwa ta taka kwano, ƙaras-ƙaras, "Wane ne a nan?" Kuma duk ja ɗaya sai bindigar ta tofar da harsashi mai rai ya gangara ƙarƙashin baranda, Odell ya bi shi da rarrafe. Mai kawo wasiƙu ya koma jefo su daga mota ba tare da ya tsaya ba. Mis Verna, maƙwabciyarsu, ta leƙo ta kan shinge ta ce in ya sake yi wa kajinta ƙaras-ƙaras suka fasa ƙwai, ita da shi ne.

Ranar Alhamis da la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofar baya. Kafin Earline ta ajiye ludayi, Odell ya riga ya manne da bango.

Ƙaras-ƙaras. "Wane ne a nan? Na kira 'yan sanda."

Can sai wata murya ta taso daga cikin shukar kabeji, ƙasa-ƙasa. "Ni ne, Ɗan'uwa Odell. Fasto ne."

Fasto Gaskins mutum ne mai jiki da nutsuwa, ba a taɓa ganin ya yi sauri ba ko ruwa ake yi. Ranar ya tsallake matakala duka a tashi ɗaya. Ya miƙe yana kakkaɓe ƙasa daga wandonsa, takalmi ɗaya a ƙafa. Earline ta rasa inda za ta sa kanta don kunya. Odell kuwa fuskarsa fal murna.

"Fasto, don Allah faɗa mata gaskiya. Ka ji tsoro ko ba ka ji ba?"

"Na ji."

"To kin gani. Tana aiki."

Fasto ya ce dama ya zo ne ya gaya masa shi Odell ne zai zaga da farantin baiko a coci ranar Lahadi, amma don girman Allah ya bar bindigar a gida. A daren nan Earline ta wanke farar rigar Odell guda ɗaya tilo, ta sa mata sitaci, ta goge ta har tana tsayuwa da kanta, ta rataye a bayan ƙofa.

Asabar da asuba Odell ya zauna a kicin zai mayar da maigadi maharbiya. Earline ta ɗora faten tsakin masara a wuta ta fita ba kaji hatsi. Ya kwance murfin da ke riƙe da gajeren bututun, bai san akwai dogon sifirin, murɗaɗɗiyar waya mai tsalle, a matse a bayansa ba. Sifirin ya yi tsalle ya daki rufi, ya dawo ya kifar da hoton bikinsu, ya shige bayan firji. Odell ya karkata bindigar don ya leƙa abin da ya rage a ciki, sai harsasan suka zubo ɗaya bayan ɗaya, tsulum, tsulum, cikin tukunyar fate.

Ya sauke tukunyar, ya tsamo su da ludayi, ya jera a tebur. To wanne ne na gishiri? Odell ba ya rasa dabara. Ya ɗauki na farko ya lasa. Gishiri. Ya lasa na biyu. Gishiri. Earline ba ta yi wa fate rowar gishiri, duk sun ɗauka.

Tana shigowa ta same shi da harsashi a baki.

"Odell Rentz, me nake gani?"

"Binciken maharba ne, ba za ki gane ba."

Ta leƙa tukunya, ta kalli hoton da ke ƙasa, sannan ta kalle shi. Sai a lokacin ta lura da abin da ke jikinsa.

"Wannan ba rigar gobe ba ce?"

"Ita ce. Za a ɗauki hoto in an rataya min ƙaho. Kina so in fito a tsumma kamar ƙaninki?"

"In aka yanke ta fa?"

Odell ya yi dariya har tumbinsa na rawa. "Earline, wa ya taɓa yanke min riga?"

Ya zaƙulo sifirin da tsintsiya, ya cusa komai ya koma yadda ya ga dama, ya ɗaura dogon bututu, ya ɗora jar rigar mafarauta marar hannu a kan farar, ya fita ko karyawa bai yi ba.

Mista Lamar ya ajiye shi a wani lungu tsakanin manyan itatuwa, inda bareyi suka saba ratsawa. Yau babu barci. Odell ya tsaya ƙyam, maratayi na cin kafaɗarsa, sauro na cin wuyansa. Daga nesa ya ji an busa ƙahon, karnuka suka ɗauka. Haushin ya yi gabas, ya yi kudu, ya dusashe. Hannunsa ya fara sagewa don nauyin kayan da ya ɗaura wa bindigar.

Sai ga shi. Namijin barewa, ƙato, ƙahonsa ya yi rassa, ya yaudari karnukan ya sulalo ta baya yana takawa a hankali. Ya tsaya a fili, kusa ƙwarai, ya ba Odell gefensa. Wanda bai taɓa riƙe bindiga ba ma zai same shi.

Odell ya ɗaga bindiga. Madubin hangen ya yi raɓa, ba ya ganin komai sai fari. Ya leƙa ta gefensa, ya rufe ido ɗaya, ya rufe na biyun ma, ya ja kunama.

Fus.

Iyakar abin da ta ce ke nan. Fate ya shiga harsashin da aka danne da yatsa ya jiƙa albarushin. Wani curin jiƙaƙƙen gishiri ya fito a gajiye, ya faɗi a gaban barewar. Barewar ta kalli Odell, ta kalli curin, ta sunkuya ta shinshina. Sai ta fara lasa.

Har yanzu fa Odell na iya cin ƙahon. Ja ɗaya zai yi, harsashi mai kyau ya hau, ya harba. Ya ja: ƙaras-ƙaras. Amma hannun da ya kwana biyu yana atisaye ba ya tsayawa a ja ɗaya, bakin ma haka. Kafin ya ankara ya ji muryarsa ta cika fadama.

"Wane ne a nan? Na kira 'yan sanda."

Ƙaras-ƙaras, ƙaras-ƙaras, ƙaras-ƙaras. Harsasai masu kyau suna ta tsalle suna faɗawa laka, tocila ta kunna kanta ta dalle idon barewar. Dabbar ta zabura, ta juya, ta yanki daji a guje, ta nufi wani kurmi da ke gefe. Cikin kurmin nan kuwa Purvis ne a tsugune, ya biyo sawu tun ɗazu, ya ga komai, ya toshe baki da hula hawaye na zuba. Da ƙyar ya iya miƙewa. Aka ji ƙarar bindigarsa, ɗaya mai ƙarfi.

Da yamma sansani ya cika. Mata sun kawo manyan tukwanen dafa-dukar shinkafa da kaza, Earline na cikinsu, Fasto ya zo sa albarka, har Mis Verna da ba ta taɓa zuwa ba ta zo, don labari ya riga kowa isa gari. Barewar na rataye a bishiya. Mista Lamar ya zauna kan kujerar alƙali, wato wani tsohon akwatin ƙanƙara, ya buga cokali a kwano.

"Odell Rentz, ana tuhumarka da harbi da kuskure. Me ka ce?"

"Yallaɓai, ban harba ba. Duk wanda ya ji ƙarar bindiga daga wajena ya ɗaga hannu."

Babu wanda ya ɗaga. Odell ya buɗe hannuwa yana kallon jama'a.

Purvis ya ce, "Yallaɓai, ni na ji. Ba ƙara ba ce, ta fi kama da abin da mutum ke yi a coci ya waiga ya kalli na kusa da shi."

Aka kwashe da dariya, Fasto ya sunkuyar da kai kafaɗunsa na girgiza.

"To ko da na harba," in ji Odell, "ban kuskure ba. Abin da na harba yana cikin barewar nan yanzu haka. A farka cikinta a gani."

"Ta baki ya shiga, yallaɓai. Da kanta ta ɗauka."

"Doka ta ce ta ina zai shiga?"

Mista Lamar ya shafa gemu. "Wannan tambaya ce. Me ka harba mata?"

Odell ya yi ƙasa da murya. "Gishiri."

"Me?"

"Gishiri, yallaɓai."

Mis Verna ta ce, "Allah sarki, ai taimakonmu ya yi. Sai a gaya wa masu gasa naman kada su ƙara."

Wani daga baya ya tambaya ko ya tuna da barkono. Wani ya ce a bari tukuna 'yan sandan da ya kira su iso. Odell ya ɗaga murya ya ce duk surutun banza ne, shi dai ya sayi bindiga mai aiki biyu, kuma kowa shaida ne ta kori baƙo nan take.

Fasto ya ce, "Wannan kam ni shaida ne."

"Ta kore shi," in ji Mista Lamar, "ta kai wa Purvis har gida. Kotu ta same ka da laifi. Faɗin tafin hannu saboda kuskure. Sai kuma a ƙara saboda kowane harsashi mai kyau da ka shuka a laka. Cire jar rigar."

Da farar rigar ta bayyana, tana ƙyalli da sitaci, sai wurin ya yi tsit. Kowa ya san rigar, kowa ya san wadda ta goge ta. Purvis da ya zaro wuƙa ya kalli yayarsa, ya mayar da wuƙar kube a hankali.

Earline ta ajiye ludayi, ta goge hannu, ta buɗe jakarta ta fito da almakashin ɗinki.

"Mista Lamar, ni na wanke ta, ni na goge ta. Ba wanda zai yi mata yankan mahauta."

"Earline," in ji Odell a hankali, "gobe fa ni ne da farantin baiko."

"Ka sa kwat. Juya."

Ya juya. Ta kama daga ƙugu ta hau, ƙyas, ƙyas, ƙyas, Mista Lamar na cewa ya isa, ita tana cewa ba ta kai na hoton biki ba tukuna. Sai da ta dangana da kafaɗu ta yanko bayan rigar gaba ɗaya, a miƙe tsaf, ta ninke ta miƙa wa kotu. Aka bar Odell da gaban riga da hannuwa da kwala, bayansa fari sol a waje.

Aka buga ƙyallen a bango. Sannan Mista Lamar ya miƙe da ƙyar, ya cire ƙahon daga wuyansa ya rataya wa Purvis. Purvis ya busa, karnuka suka amsa gaba ɗaya, jama'a suka yi tafi. Abin ya yi wa Odell ciwo ƙwarai. Ya tafa sau biyu, ya juya wa mutane baya don kada a ga idonsa, ya tsaya yana kallon bango.

Ya daɗe a tsaye, sauro na ta sauka a bayansa. Purvis ya ji babu daɗi, ya zubo shinkafa a faranti ya kawo masa.

"Yaya Odell, ci abinci. Kowa da ka gani a nan an taɓa yanke masa."

Odell bai karɓa ba. Ya matsa kusa da bangon, ya auna farin ƙyallen da hannu, ya auna wani ɗan tsumma mai ratsi da ke gefensa. Ƙyallen nasa ya rufe na mutum wajen goma.

"Purvis, wannan ɗan ficicin na wane ne?"

"Nawa ne."

"Wancan fa?"

"Na Mista Lamar."

Odell ya gyara kwala, ya karɓi farantin, ya juyo ya fuskanci jama'a, tumbi a gaba.

"Ku taso ku duba da kyau," ya ce. "Tun da aka kafa sansanin nan, a nuna min mutum ɗaya da ya taɓa kuskure mai girman nawa."